Baturiya Mai Ban Ruwa a Ƙonannen Daji

Baturiya mutuniyar wani ɗan ƙauye ce a gefen Dangora, cikin ƙasar Kiru. Sana'arta daddawa. Tun tana yarinya ta koya a hannun kakarta, kuma har ta fara furfura ba a cin kasuwar Dangora ba a ga faifanta a layin masu kayan miya ba. Doguwar mace ce, marar yawan magana, mai saurin tafiya. Mijinta ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya, ba ta kuma sake aure ba. Ta yi haihuwa da yawa, amma duk sun koma tun suna goye, sai na farin kaɗai ya tsaya mata. Sunansa Mudi.

Mudi kurma ne, amma ba haka aka haife shi ba. Sanƙarau ne ya kama shi yana ɗan yaro, a shekarar da cutar ta kwashe yaran ƙauyen. Ya tashi daga ciwon, ji bai dawo ba. Maganar da ya iya kafin nan ta zauna masa, sai dai ta karkace a bakinsa, wanda bai saba da shi ba ba ya ganewa. Da hannu suke hira da uwarsa, wani lokaci har su kwashe da dariya ba wanda ya san abin da aka ce. Da yake ɗan fari ne, Baturiya ba ta taɓa kama sunansa ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "yaron nan", har ya yi gemu bai wuce yaron nan ba.

Ya girma ƙaƙƙarfa, ya iya saƙar zana da ɗaurin jinka, har daga Kiru ake aiko masa. Ya auri Furera, 'yar wani manomi a Yako, yarinya mai haƙuri, wadda cikin 'yan watanni ta iya maganar hannu kamar a gidan aka haife ta. Duk shekara in an gama kaka, Mudi da mazan ƙauyen sukan kora jakuna su yi kudu, su wuce Tudun Wada, su shiga babban gandun dajin En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, da ke kan hanyar Doguwa, inda ake ba su izinin yankan gamba da shuci. Sukan daɗe a can, su dawo da jakuna ba a ganin komai nasu sai ƙafafu.

A shekarar 1953 ma haka suka tafi.

Wutar da ta tashi a dajin a wannan shekara, ba a taɓa sanin wanda ya kunna ta ba. Wasu sun ce mafarauta ne, wasu sun ce masu cin zuma. Abin da aka sani shi ne ciyawa ta bushe ƙayau, ga iska tana kaɗawa, wutar ta ci kwana da kwanaki. Daga Dangora ana hango hayaƙi a kudu kamar hadari.

Masu yankan ciyawa suka dawo ba dami ko ɗaya. Ɗanasabe, maƙwabcin Baturiya, wanda shi ne babba a tafiyar, ya yi sallama a ƙofar gidanta riƙe da igiyar jakin Mudi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kasa ɗaga kai.

"Inna, wuta ce ta zo mana da rana tsaka," in ji shi. "Mun jiyo rugugi tun daga nesa, muka zubar da kaya muka yi rafi. Shi kuwa ya gangara wani kwari shi kaɗai, don gambar can ta fi tsayi. Mun yi ta kira, mun yi ta kira." Sai ya tuna wanda suke kira ba ya ji.

"Ba wanda ya koma ya taɓa shi?"

"Na gwada, Inna. Wuta ta mayar da ni." Ya nuna mata hannunsa, fatar duk ta saluɓe.

"Da wutar ta wuce fa?"

"Mun nema iya inda ƙasa ta bari a taka. Daga nan ma'aikatan daji suka fitar da kowa."

"Kun ga gawa?"

"Ba mu gani ba."

"To, kada kowa ya zo mini gaisuwa," in ji Baturiya.

Mata suka zo duk da haka, suka zazzauna a tsakar gida, Furera na kuka a ɗaki. Baturiya ba ta zauna da su ba. Ta kwashe kalwar da ta dafa ta ba maƙwabta, ta ɗaure zane biyu da ɗan dawo a ƙwarya, gari na wayewa ta kama hanya. Furera ta biyo ta har bayan gari tana roƙon ta tafi da ita.

"Ki zauna," in ji Baturiya. "In ya dawo ta wata hanyar, ya tarar da mutum a gida."

Da ƙafa ta kai Tudun Wada. Daga nan wani direban lori ya rage mata hanya har bakin gandun, inda ma'aikata ke da 'yan bukkoki a gefen wani rafi da ake kira Rafin Ƙirya. Mai kula da wurin malamin daji ne mutumin Bebeji, Malam Ɗantani, gajere mai sanyin murya, idanunsa sun yi ja saboda hayaƙi. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya girgiza kai.

"Iya, an rufe daji. Umarni ne daga sama. Har yanzu akwai kututtukan da ke ci ta ciki, itatuwa na faɗuwa haka kawai. Shekaranjiya wani reshe ya kusa kashe mini mutum."

"Waɗancan fa?" Ta nuna wasu maza da ke shiga da gatura da fartanyu a kafaɗa.

"'Yan gayya ne. Daga ƙauyukan nan kusa suka zo taimako. Suna share hanyar tare wuta, suna kwashe itacen da ya toshe rafi. Ba biyan su ake ba, abinci kawai."

"Ni ma ba biya nake nema ba."

"Aikin maza ne, Iya."

Ta juya ta dubi bayan bukkokin. Akwai wasu fangulla a jere, an yi musu rumfar kara, cike da ƙananan itatuwan da ake reno: maɗaci, ɗorawa, dalbejiya. Su za a dasa a inda ya ƙone in damina ta sauka. Duk sun yi laushi, ganyensu ya langaɓe.

"Wa ke ba waɗannan ruwa?"

Malam Ɗantani ya dubi fangullan, ya dube ta. Ba shi da mai ba su ruwa. Mutanensa duk suna cikin daji.

"Ni na san ba don su kika zo ba," in ji shi.

"Ba don su na zo ba. Amma za su sha ruwa."

Aka ba ta tulu da wata bukka da ake ajiye kayan aiki. Tun da asuba take fara jigila tsakanin rafi da fangulla, gangara da hawa, har rana ta ɗaga. In ta gama, lokacin da 'yan gayya ke neman inuwa su huta, sai ta ɗaure ɗankwali ta tsallake rafi ta shiga daji. Malam Ɗantani yana ganinta, sai ya kau da kai. Abu ɗaya kawai ya ce mata: kada ta bi ƙarƙashin itacen da ya ƙone, kuma la'asar ta yi mata a gida.

Abin da ta tarar a ciki bai yi kama da daji ba. Ƙasa baƙa ƙirin iya ganin mutum, toka tana kai wa idon sawu. Manyan itatuwa, kawo da maje da marke, suna tsaye ba ganye ba reshe kamar ginshiƙan gidan da ya rushe. Ba kukan tsuntsu. Wani wurin in ta taka sai zafi ya ratsa fatar takalminta, alamar saiwa na ci a ƙasa. Ungulaye ne kaɗai ke yawo a sama, kuma su ta riƙa bi. Duk inda ta ga sun yi dandazo sai ta nufa. Ta ga gada, ta ga birai uwa da ɗa a ƙanƙame, ta ga ƙoƙon kunkuru ba adadi. Duk ƙashin da ta gani sai ta durƙusa ta jujjuya shi, ta gwada da nata hannun, sannan ta ajiye ta yi gaba.

Ɗanasabe ya ce mata kwarin yana da wata babbar tsamiya a bakinsa. Kwaruruwan dajin kuwa da yawa, kuma ƙonannen itace duk kamarsa ɗaya.

Ba gawa kaɗai take nema ba. A ranta tana cewa yaron nan yana da wayo, yana da hanci, ko bai ji ba zai shaƙi hayaƙi. Wataƙila ya shige wani kogon dutse, wataƙila ya karye yana kwance a bakin wani ruwa yana cin abin da ya samu. Don haka duk kogon da ta gani sai ta leƙa, ta jefa dutse, ta jira.

Wata rana ta hau wani fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, ta hango kwari uku a gabanta, ta rasa wanda za ta bi.  Sai kawai ta ji bakinta ya buɗe.

"Mudi."

Ba ta taɓa jin sunan a muryarta ba. Ta sake faɗa da ƙarfi, ta sake, har muryar ta dushe. Ta san ko yana bayan dutsen nan ba zai ji ba. Wasu 'yan gayya da ke sara a can ƙasa suka jiyo ta, suka tsayar da gatura. Da yamma ɗayansu ya kawo mata ɗanwake a kwano ya ajiye a ƙofar bukka ya tafi.

Bazara ta shigo da zafi irin wanda tsofaffin wurin suka ce ba su taɓa gani ba, tunda babu inuwar da za ta tare rana. Rafin Ƙirya ya janye, ya koma 'yan kududdufai, daga baya ya ƙafe. Sai an tona yashi har gwiwa sannan ruwa ya tsatso, a riƙa kwasa da ƙoƙo kaɗan-kaɗan. Tulu ɗaya kan ci lokacin da a da ake cika biyar. 'Yan gayya suka fara raguwa, kowa ya tafi sharar gona, har ya rage daga Malam Ɗantani sai ma'aikatansa 'yan ƙalilan sai ita. Gara ta shiga fangullan maɗaci ta cinye layi guda. 'Yan ɗorawa suka fara bushewa daga sama.

Baturiya ta rame, wuyanta ya fito. Tokar da take shaƙa ta sa mata tari, faso ya tsattsage mata dunduniya har yana jini. Amma in ta ga wani dashe ya langaɓe sai ta koma rafi, ko da lokacin shigarta daji ya yi. Malam Ɗantani ya taɓa tambayarta dalili.

"Na ce za su sha ruwa," in ji ta. "In suka mutu kuma, me zan ce ina yi a nan? Sai ka ce in tafi."

"Ba zan ce ki tafi ba, Iya."

"Na sama da kai za su ce."

Bai musa ba.

Cikin wannan zafin ne Furera ta zo, Ɗanasabe ya rako ta a kan jaki. Ta kawo gero da daddawa da man kaɗanya. Da ta ga surukarta sai ta tsaya cak, don ba ta gane ta ba da farko. Baturiya ba ta bari sun huta ba. Ta roƙi Malam Ɗantani, ya yarda, ta sa Ɗanasabe a gaba ya nuna mata kwarin.

Suka yi ta yawo har rana ta karkata. Ya kai su wani kwari ya ce nan ne, da suka gangara ya ce a'a. Ya kai su wani, ya tsaya yana waige-waige. Daga ƙarshe ya zauna a kan toka ya dafe kai.

"Inna, wallahi ban sani ba. Ranar ciyawa ta fi ni tsayi, yau ga shi ba komai. Ko nan ne, ko can ne, ban sani ba."

Furera na biye da su duk tafiyar. Sai da suka dawo bukka, ta ɗebi man kaɗanya tana shafa wa Baturiya a ƙafa, sannan ta ce, "Inna, mu koma gida."

"Ki koma. Ni da saura."

"Baba ya aiko, ya ce in dawo Yako. Sun tambayi liman, ya ce matar wanda ya ɓata sai ta jira shekara huɗu, sai fa in an samu wanda ya shaida rasuwar."

"Ke me kika ce?"

"Na ce sai na ji daga bakinki."

Baturiya ta daɗe tana kallon hannun yarinyar a kan ƙafarta. Ta san abin da ake so ta faɗa, ta kuma san faɗarsa zai sauƙaƙa wa Furera.

"Ban ga komai ba," in ji ta. "Abin da ban gani ba, ba zan faɗa ba. Ki yafe ni."

Furera ta ci gaba da shafa man. Washegari suka tafi da Ɗanasabe, ita ta wuce gidan ubanta.

Ruwan farko ya sauka da rana, da iska mai ƙarfi. Ma'aikata suka fito suna ta murna, wani har da rawa a cikin ruwa. Toka ta narke ta gangara rafi kamar tawada. Ba a jima ba sai ga toho ko'ina. Ciyawa ta huda baƙar ƙasa, kututtukan da aka ɗauka sun mutu suka fid da ganye ja daga gindi, tsuntsaye suka dawo. Malam Ɗantani yakan tsaya a bakin rafi yana cewa alhamdu lillahi, dajin nan bai mutu ba.

Ita kuwa Baturiya hankalinta ne ya tashi. Ta gane cewa abin da ba ta gani ba lokacin da ƙasa ke a fili, ba za ta gan shi ba in ciyawa ta rufe. Kullum in ta shiga sai ta tarar ta ƙara tsayi. Ta kai idon sawu, ta kai gwiwa. Ta koma shiga tun kafin ta karya kumallo, tana tafiya a sunkuye, tana buɗa ciyawa da sanda. Wata rana ma'aikata suka same ta a wani kwari durƙushe tana tuge ciyawa da hannu bibbiyu tana jifa, yatsunta duk sun yanke. Ta tuge fili kamar girman tsakar gida, ga kwarin kuma ya miƙe ba iyaka. Suka kama ta suka mayar da ita gida. Kafin damina ta yi tsaka, gamba ta shanye kanta.

Aka yi dashe. 'Yan gayya suka dawo na ɗan lokaci, maza na haƙa rami, ita tana ɗauko dashen a ƙwarya tana miƙawa. Wajen rabin abin da aka rena ne ya kai ga shiga ƙasa. Malam Ɗantani ya ce da ba don ita ba ko kwata ba za a samu ba. 

Wajen ƙarshen damina wani makiyayi mai suna Buba, wanda ke kawo wa ma'aikata nono, ya zo da labari. Ya ce a wani ƙauye gaba da Doguwa ya ga wani mutum a maƙera, da tabon ƙuna a baya, ba ya magana, ba a kuma san daga inda ya fito ba. Maƙerin ne ke ba shi abinci, shi kuma yana zuga masa wuta.

Baturiya ba ta tsaya jin ƙarshen zancen ba. Ta tafi a ranar, cikin taɓo, tana tsallake rafuffukan da suka cika. A hanya ta riƙa shirya yadda za ta yi masa faɗa da hannu, ta riƙa tunanin wanda za ta aika Yako. Ta isa ƙauyen ƙafafunta sun kumbura. Aka nuna mata maƙerar.

Tun daga ƙofa ta hango bayansa, yana zaune yana zuga. Ba ta buƙaci ya juyo ba. Kafaɗar ba ita ba ce, wuyan ba shi ba ne. Ta yi sallama, mutumin ya waiwayo tun kafin maƙerin ya amsa. Yana ji sarai. Wani bawan Allah ne mai taɓin hankali, ƙunarsa ma tsohuwa ce.

Ta zauna a bakin ƙofar maƙerar, ta kasa tashi. Maƙerin ya sa aka kawo mata ruwa. Da ta samu ƙarfi ta kwance ƙullin dawon da ta yo guzuri ta ajiye a gaban mutumin, ta juya.

Bayan wannan tafiya ta ƙara yin shiru. Tana ban ruwa, tana cire ciyawa a gindin dashe, amma ko gaisuwa sai an maimaita take amsawa. Kaka ta wuce, ciyawa ta sake bushewa, ta yi ruwan ƙasa, ta tsaya cinkus har fiye da bara, don toka ta zame mata taki. Baturiya takan tsaya a bakin daji tana kallonta.

Wata rana da hantsi Malam Ɗantani yana zagayen hanyar tare wuta, sai ya hango ta a can tsallake, a gefen busasshiyar gamba. Tana tsugune, tulunta a gefe, a gabanta kuma ga wani kasko. Da ya matso sai ya ga garwashi ne a ciki, jajir, iska na hura shi. Tsakaninsa da ciyawa bai fi taku ɗaya ba.

Bai yi gudu ba, bai ɗaga murya ba. Ya zo a hankali ya tsuguna a ɗaya gefen kaskon.

"Sannu, Iya."

Ba ta dube shi ba. "In ta ƙone, ƙasa za ta sake fitowa fili," in ji ta. "Bara ban san dajin ba. Yanzu na san shi. Kwari biyu ne kawai ban gama ba."

"Haka ne."

"Ba don mugunta ba, Malam."

"Na sani." Ya dubi gabas. "An buɗe wa masu yankan ciyawa ɓangaren gabas tun makon jiya. Akwai mutanen Yako a ciki, akwai na Dangora. Yaran Buba ma suna can da shanu a bakin iyaka. Iskar nan kuwa can ta nufa."

Baturiya ta dubi garwashin. Hannunta na kan bakin kaskon, zafi na cinta, ba ta ɗauke ba. Suka daɗe a haka. Malam Ɗantani ya ce daga baya bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don ya san in ta tura kaskon ba zai iya riga ta ba.

Can ta jawo tulun ta tuntsurar da ruwan a kan garwashin. Ya yi cuu, tururi ya tashi. Sannan ta kifa kai a gwiwa ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka kawo mata jakin. Ya zauna da ita har ta gama. Bai gaya wa kowa ba sai bayan rasuwarta.

Daga ranar ba ta sake shiga daji nema ba. Amma kuma ba ta koma gida ba. In an ce ta koma sai ta ce nan ne ya fi kusa. Ta ci gaba da ban ruwa rani bayan rani. In lokacin share hanyar tare wuta ya yi, ita ce ta farko da fartanya, kuma duk mai yankan ciyawar da zai shiga sai ta tare shi ta ce kada ya bar ɗan'uwansa ya yi nisa shi kaɗai. Wasu suna cewa tsohuwar ta taɓu, wasu suna kawo mata goro. Sau biyu wuta ta sake tashi a shekarun, ƙanana, aka kashe su da ɗanyen ganye. A ta biyun da ita aka yi ta bugu har girarta ta babbake.

Da shekara huɗu ta cika, mahaifin Furera ya aiko mata cewa za a je gaban alƙali a Kiru. Ba a ce lallai ta zo ba, amma ta je. Aka tambaye ta ko tana da labarin ɗanta.

"Allah ya gafarta malam, ba ni da shi," in ji ta. "Ban ga gawarsa ba, ban gan shi da rai ba. Amma yarinyar nan ta yi haƙuri. A sallame ta."

Aka yanke hukunci a kan Mudi ya rasu, Furera ta yi takaba. A ƙofar gidan ubanta ta riƙe zanen Baturiya tana kuka, tana cewa ta zauna da su a Yako. Baturiya ta ɓamɓare hannunta a hankali, ta sa mata albarka, ta ce akwai dashen da ba a ba ruwa ba. Bayan 'yan watanni Furera ta auri wani mahauci a Yako. Duk wanda zai yi kudu sai ta ba shi saƙon gero ko ɗan kilishi ya kai wa Inna.

Tarin da toka ta sa wa Baturiya bai taɓa barinta ba. A daminar 1959 ya kwantar da ita. Matan ƙauyen da ke kusa da gandun suka ɗauke ta daga bukkar suka kai ta gidan mai unguwa, suka yi jinyarta. Malam Ɗantani yakan zo kullum bayan azahar ya zauna a ƙofar ɗaki, ta tambaye shi ko an yi ruwa a ɓangaren dashe, ya ce an yi. Ta rasu ranar wata Laraba da safe, aka binne ta a maƙabartar ƙauyen, cikin mutanen da ba danginta ba.

Saƙo bai isa Yako da wuri ba, don ruwa ya yanke hanya. Sai bayan an yi sadakar bakwai Furera ta iso, da goyo a bayanta. Aka nuna mata kabarin, ta yi addu'a. Matar mai unguwa ta miƙa mata abin da marigayiyar ta bari, zane biyu da carbi, ta karɓa, ta kwana ɗaya ta koma.